Karen Bana, Ina Zomon Bana?

A hunturun da ya wuce na je gida Jajimaji gaisuwar rasuwa, na yi kwana uku. Ranar da zan koma, muna fitowa daga sallar asuba, sai ɗan yayana ya ja ni bayan gida, wai akwai abin da yake so in gani. A gindin dalbejiya na tarar da wani matashin kare ɗaure da sarƙa, ja mai farin ƙirji, bai fi wata tara a duniya ba. Ƙafafu zara-zara kamar sillen kara, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, baki siriri. Sanyi ya sa ya dunƙule yana makyarkyata. Amma da wata kaza ta gilma can wajen danga, sai kansa ya ɗago, jikinsa ya sandare, makyarkyatar ta ɗauke cak. Na san wannan kallon. Rabona da ganinsa kusa haka an doshi shekara talatin.

"Baffa," in ji yaron, "karen nan ya gagare ni. A cikin gida in na kira shi yana zuwa. Amma da mun fita fili na kwance shi, shi ke nan, ko maƙogwarona zai tsage ba zai waiwayo ba. Na yi duka, na hana shi abinci, na bi duk abin da ake nunawa a waya, a banza. Makon jiya ya yaga wa maƙwabta ɗan akuya, sai da Baba ya biya. Ko dai in sayar da shi ne?"

Na san inda karen da aka sayar yake ƙarewa. Akwai masu bin ƙauyuka suna saye, su loda a keji su gangara kudu, da yawa zuwa kasuwar karnuka ta Dawaki a Kanke ta jihar Filato. Ban ba shi amsa nan take ba. Na tsuguna ina kallon karen, zuciyata ta koma wurin Kawu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, manomi ne da damina, mafarauci da rani. Bai riƙe sarautar dawa ba, amma in zancen kare ya tashi a majalisa sai an ambace shi. Na fara bin sa wajen 1985, muna cikin jihar Borno a lokacin, don sai 1991 aka yanke Yobe. Ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1984 ba, amma daji na nan. In ka fita gari ta arewa ka wuce gonakin gero, sai jigawa ta buɗe maka: sabara da kalgo da kaba, aduwa jefi-jefi, ga fako shimfiɗe kamar faifai. Ta kudu kuwa ƙasa na gangarawa zuwa fadamun da ruwan Haɗeja da na Jama'are ke malalewa kafin su haɗu su zama Kogin Yobe a wajen Gashuwa. Zomo ya fi komai yawa. Akwai gada, akwai yanyawa da dila, ga zabin daji garke-garke. Barewa ce ta riga ta yi wuya. Kawu yakan ce kafin farin 1973 daga bakin gona ake hango ta.

Karnukansa ba su da sunan jinsi, karen farauta kawai ake cewa. Babbarsu wata tsohuwar karya ce mai launin rairayi, Guguwa, wadda ya samo uwarta a hannun wani Buzu da fari ya koro daga arewa ya sauka bayan Nguru da ragowar raƙumansa. Abin da Kawu ya fara cusa mini a kai shi ne irin wannan kare da ido yake farauta. Mai bin sawu da hanci yana tafe yana tsayawa, yana shinshina yana shawara, akwai gurbin da maganarka za ta shiga. Wannan kuwa da abu ya motsa a gabansa, ƙafarsa ta riga kunnensa tashi. "In ya miƙe, kurma ne," in ji Kawu. "Kada ka kira kurma. Duk kiran da ka yi bai amsa ba, ka koya masa kiranka iska ne." Shi ya sa horonsa duka a wuri biyu ya tsaya: kafin a saki kare, da bayan gudu ya ƙare. Abin da ke tsakani na kare ne da zomo, babu ruwan mutum.

Tun kwikwiyo na da kwana arba'in yake kai shi turken awaki da rana. A nan zai yi wasa, a nan zai yi barci, 'yan awaki na tsallake shi, uwarsu na tunkuyinsa in ya yi rashin kunya. Kaza mai 'ya'ya ma malama ce, sara ɗaya a hanci ya ishe shi karatun shekara. Kafin idonsa ya yi kaifi ya riga ya san akuya da kaza 'yan gida ne. Abinci kuwa daga hannu ɗaya yake fitowa, ƙanzo jiƙe da tsala ko dusa da romon kifi, kuma kafin kasko ya taɓa ƙasa sai Kawu ya yi fito, gajere, hawa biyu, iri ɗaya kullum. Bai taɓa yin wannan fiton don abin da kare ke ƙi ba. In zai cire masa kaska ko ƙaya, ko zai ɗaure shi, da ƙafarsa yake zuwa ya ɗauko shi. Sai da na girma na gane ajiya yake yi: kowane fito da abinci ya biyo bayansa damin gero ne a rumbu, ranar bukata za a ɗiba. Kuma ba ya nanata darasi. Sau biyu, sau uku, ya tashi. Yakan ce wannan kare in ka matsa masa sai ya kau da kai ya bar maka gangar jikinsa.

Wajen wata shida zuwa bakwai sai komai ya rushe. Kwikwiyon da jiya ke zuwa a guje in an yi fito, yau sai ya ɗaga kai ya dube ka ya ci gaba da sha'aninsa. Ƙafa ta yi tsawo, ido ya buɗe, ya gano babu mai iya cim masa a gidan. A nan ne yawancin mutane ke ɗaukar sanda, a nan ne kuma karen ɗan yayana yake yanzu. Kawu igiya yake tuƙawa. Igiyar kaba mai kamu biyar ko shida, baki ɗaya a wuyan matashin, ɗaya a wuyan Guguwa, sai a fita da su bayan la'asar. In Kawu ya yi fito Guguwa ta juyo, shi ma dole ya juyo. In ya zabura zai bi tunkiyar wani, ta dasa ƙafa ta yi masa gurnani. In ta kwanta a inuwa ya kwanta. Wata biyu ana haka, kusan kullum. Ban taɓa ganin mutumin da ya koya wa kare a mako guda abin da tsohuwar karyar nan ke koyarwa a yammaci ɗaya ba.

Aikina ni jan fata. Kawu yakan cusa ƙaiƙayi a fatar zomo ya ɗinke, a ɗaura mata doguwar igiya, in ɓuya bayan sabara. Shi kuma ya tsuguna can nesa, karen a tsakanin gwiwoyinsa, ya zura igiya ta abin wuyansa ya riƙe bakin biyu a hannu ɗaya, yadda in ya saki ɗaya za ta zare da kanta. In ya ɗaga mini hannu sai in fizga in ruga. Daga inda nake ina jin kukan karen, siriri kamar na jariri, yana tirjiya yana haƙar ƙasa. Kawu ba ya saki. In tsaya, a koma farko. Sai ranar da fata ta wuce ya yi tsit, jiki na rawa amma ƙafa a dashe, sannan Kawu ya ce bismillah ya buɗe yatsu. Kafin in yi taku goma ya iso ni. Da ya cafke fatar ba a ƙwacewa. Kawu ya tako a hankali ya fito da guntun banda daga aljihu, kare ya saki fata ya karɓi kifi. Haka ake ta musaya har ya san in ya bayar ba asara ya yi ba. Daji na gaske kuwa sai ya cika shekara, don ƙashi bai ƙosa ba, gudu ɗaya a fako na iya bar masa ɗingishi har mutuwa.

A zauren malaminmu, da muka kai babin yanka da farauta a Risala, sai na ji abin da Kawu ke yi da hannu ana karanta shi da baki. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama, malamai kuma suka bayyana wane ne horarre: wanda in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Suka ce sai mafarauci ne ya sake shi da niyya, ya ambaci sunan Allah. In kuwa karen ne ya ƙwace da kansa ya je ya kashe, naman mushe ne, sai fa in an riske shi da rai an yanka. Ka ga ke nan a wurin mutanenmu ladabin kare shi ne iyaka tsakanin halal da mushe a tukunyar gida. Wanda ke jiran karensa ya natsu kafin ya buɗe yatsu, abincin 'ya'yansa yake tsarewa. Ina ganin daga nan suka samo haƙurin da mu muka rasa.

Ina tuna fitar farko ta wani baƙin kare ɗan Guguwa, da sanyin safiya bayan girbi, karan gero zube a gonaki. Muna tafe a jere muna dukan sabara da gora, sai zomo ya tashi kusan daga ƙarƙashin ƙafata. Kawu ya bari ya ba da tazara, sannan ya saki uwa da ɗa tare. Jiki na naɗewa yana warwarewa, ƙafa huɗu a sama, ƙura na bin baya. Ɗan ya wuce uwar, ya kai baki zai ɗauka, zomo ya yi kwana. Ya zarce ya yi adungure cikin ƙarangiya. Guguwa kuwa ba zomon ta bi ba, inda zai je ta nufa, ta tare shi ta mayar da shi fili, ɗan ya taso ya same shi. Duka-duka ba a yi minti biyu ba. Na buɗe baki zan ƙwala kira, Kawu ya dafa kafaɗata. Muka jira har haki ya fara lafawa, karen ya ɗago kai yana neman inda muke. Sannan fito, hawa biyu. Ya taho da zomon a baki, da sauran rai. Kawu ya yanka, ya farke, ya ba su kayan ciki tun da ɗuminsu. "Haƙƙinsu ne," ya ce. "Ranar da ka ci haƙƙin kare, ranar zai fara ci a ɓoye."

A 1988 ya ba ni nawa, jikan Guguwa, ja kamar wannan na gindin dalbejiya. Na sa masa suna Mashi. Na yi turken awaki, na yi fito da kasko, komai na tafiya daidai. Yana wata takwas, Kawu bai ba da izini ba, na fita da shi bayan gari don abokaina su ga gudunsa. Na kwance shi. Kurege ya gilma, Mashi ya bi, ya ɓace cikin kaba. Na yi fito, na yi kira, na yi ihu har murya ta dushe, abokai na ta dariya. Sai bayan kusan awa guda ya ɓullo, harshe a waje, yana kaɗa wutsiya, ya zo ya ɗora kai a gwiwata. Na kama wuyansa na zane shi da tsumagiya. Bai kai cizo ba, bai ma yi kuka sosai ba. Ya dai lafe a ƙasa yana kallona.

Da dare Kawu ya ga shatar a jikinsa. "Me ya yi ka doke shi?" Na ce gudu ya yi. "A'a, ɗan nan. Gudu ya wuce tun da hantsi, shi ya ma manta. Abin da ya yi na ƙarshe kafin bulala ta sauka shi ne zuwa wurinka. Dawowa ka doke shi a kai." Daga ranar in na yi fito Mashi zai taho, in ya rage taku goma sai ya tsaya. Kawu ya karɓe shi ya yi damina guda yana gyara, ya kuwa zama kare na ji da gani, ya daɗe yana ciyar da gida. Wurin Kawu har jiki yake zuwa. Ni kuwa har ya mutu taku goman nan na tsakaninmu. Irin waɗannan karnuka fatarsu ba kauri, zuciyarsu kuma ta fi fatar saurin yagewa.

Da karatu da aiki suka kai ni birni na riƙa bin labarin karnuka duk inda na gani, sai na tarar ashe dangin Guguwa sun cika duniya: saluki a ƙasashen Larabawa, sulugi a Maroko da Aljeriya, girehawun a Ingila mai gudun kusan kilomita 70 a awa, da ƙanensa wifet, wanda ma'aikatan haƙar kwal na arewacin Ingila suka yi kiwonsa a ƙarni na 19 don tsere da kamun zomo, shi ma yana kai kusan kilomita 55. Kukan masu su kuwa shi ne kukan ɗan yayana: a ɗaki ɗan halak, a fili kurma. A 1994 wani malamin jami'a a Kanada, Stanley Coren, ya fitar da littafi da ya jera jinsunan karnuka bisa saurin ɗaukar umarni, ya dogara da ra'ayin alƙalan gasar biyayya. Karen Afganistan, wanda shi ma da ido yake farauta, ya zo na ƙarshe, mutane da yawa suka ɗauka daƙiƙi ne. Ban yarda ba. An auna wa ya fi saurin zama in an ce zauna. Ba a auna wa zai karanta inda zomo zai yi kwana ya riga shi zuwa ba, cikin ƙiftawar ido, nesa da ubangidansa, babu mai gaya masa. Tsawon zamani mutane na zaɓen karen da ke yanke shawara shi kaɗai. Zalunci ne a dawo a kira shi mai taurin kai don ya yi abin da aka zaɓe shi dominsa.

Har a cikin ido abin yake. Wani bincike da masana a Ostireliya suka buga a 2004 ya nuna karnuka masu dogon baki ƙwayoyin ganinsu a jere suke a kwance, kamar ɗamara daga gefe zuwa gefe, masu gajeren baki kuwa nasu sun taru a tsakiya. Da na karanta sai na tuna zaman Guguwa a kan tudu, ba ta kallon kowa, amma ko fara ce ta tashi a gefe ta gani. A Ingila dokar 2004 ta hana gasar cuna wa zomo karnuka, irin wannan gasa ta Kofin Waterloo da aka fara a 1836 ta tsaya a 2005, yanzu farar leda ake ɗaurawa a igiya inji na ja karnuka na bi. Dabarar Kawu ce ta fata da igiya. Karen Buzaye kuma, wanda aka fara kaiwa Turai a shekarun 1970 aka sa masa sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista. Can ana rubuta asalinsa kaka da kakanni. Nan danginsa na yawo a bola yara na jifa, abin na yi mini ciwo.

Karen da na gani a gindin dalbejiya bai bambanta da Mashi da komai ba. Dajin ne ya tafi. Inda na ja fata yau gonar riɗi ce, gaba da ita wata gonar, har ka gaji da tafiya ba ka sami fakon da kare zai miƙe bai faɗa kan tumakin wani ba. Itatuwa sun tafi murhu da buhun gawayi. A kudu, tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974 da Challawa a 1992 ambaliya ta sauya hali, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Abin da ya rage a fadamar Dagona yana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na Tafkin Cadi, an hana farauta, kuma ina goyon bayan hanin. Ga titin Nguru zuwa Gashuwa, motoci na sheƙa gudu dare da rana. Kare mai cinye mita ɗari cikin 'yan daƙiƙu, kurma kuma, in leda ta tashi ta nufi kwalta bayanta zai bi.

Amma asarar da ta fi girma a ganina ba a lura da ita ba. A shekarun rikicin Boko Haram, musamman bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayun 2013 a Yobe da Borno da Adamawa, fita daji a ƙungiya da makami ta zama abin tsoro, mafarauta da yawa kuma suka koma gadin gari da rakiyar jami'an tsaro. Mutum zai iya ajiye sana'a shekara biyar ya dawo ya ɗora. Kare ba shi da wannan sararin, ƙarfinsa duka shekara shida ne ko bakwai. Tsofaffin da suka san aiki suka mutu a ɗaure ba su ja ko kwikwiyo ɗaya a igiya ba. Makarantar da ke tafe daga karya zuwa 'yarta tun kafin jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930 ta yanke cikin 'yan shekaru. Yaran da suka taso bayan haka suka nemi malami a waya, abin da suka samu kuwa horon karen Turawa ne, irin na 'yan sanda, wanda aka yi kiwonsa don ya kafa wa mutum ido yana jiran umarni. Sai a ɗauko wannan darasi a ɗora wa kare mai kallon sarari, a ɗaure shi a sarƙa kwana shida, ran na bakwai a kwance shi, ya fita kamar an harba.

Ba duk abin da ya wuce nake kewa ba. Na ga ana yanke wa kwikwiyo kunne da aska, ana hana kare abinci kwana biyu wai don ya yi zafi. Na ga farautar gayya ta koma faɗa da gora a kan zomo ɗaya, na ga an cinna wa daji wuta don a koro nama. Da hannunmu a ƙarewar dajin nan. Ciwon hauka ya taɓa shiga karnukan Kawu uku a bazara guda, da hannunsa ya kashe su yana hawaye. Yau akwai allurar rigakafi, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom na yin ta, kuma abin da na fara tambayar ɗan yayana ke nan, ko an yi wa nasa. Ba a yi ba. Na ce wannan kafin komai.

Na fasa tafiya a ranar. Muka shiga kasuwa muka sayi igiya mita ashirin da ƙullin banda, bayan la'asar muka fita wani fili da ya rage bayan gari, nesa da titi. A hanya na gaya masa abin da na sani: sarƙa ta sauka, kare ya riƙa fita kullum, abinci daga hannunsa kaɗai da fito iri ɗaya. Awaki kuwa tun da an makara, sai dai ya riƙa ratsa su da shi a igiya har ido ya saba. In kuma ya ji labarin wani dattijo a ƙauyukan Karasuwa mai tsohuwar karya da ta san aiki, ya je ya durƙusa ya roƙi aro. Ya saurara, sannan ya ce, "Baffa, ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. To in ya koya, ina zomon?" Na daɗe ban ce komai ba. Can na ce ya nemi tsohuwar fata ya cusa ƙaiƙayi, ƙanensa ya ja masa. Karen dai sai ya yi gudu, ko da nama ko babu, kuma wanda ya raba shi da uwarsa shi ya ɗauki wannan nauyin.

Iska ta taso da wata baƙar leda, karen ya zabura, igiya ta warware har ƙarshe ta tsayar da shi. Yaron ya cika baki zai yi kira, na dafa kafaɗarsa. Muka jira. Leda ta maƙale a ƙaya, karen ya yi ta kallo, can ya gaji, ya sauke wutsiya ya waiwayo. "Yanzu," na ce. Ya yi fito sau ɗaya. Karen ya taho yana sanɗa, kai a ƙasa, da ya rage kamar taku goma sai ya tsaya.

Na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Na ce, "Tsuguna. Juya masa gefe, kada ka dube shi a ido. Buɗe hannunka ka sauke shi ƙasa." Ya tsuguna, guntun kifi a tafinsa. Rana ta yi ja, garken shanu na ratsawa can nesa suna komawa. Karen ya yi taku ɗaya ya tsaya, ya ƙara biyu. Ya miƙo dogon wuyan nan iya tsawonsa ya ɗauke kifin, ya ja da baya kaɗan yana taunawa yana kallonmu. Yaron ya ɗago kai zai yi magana, na yi masa alama ya yi shiru, ya sake sa hannu a aljihu.